Ba-Birki Ya Sauka Ƙasa

A tasha Ba-Birki ake ce masa, kuma ba don motarsa ba ta da birki ba. Birkin na nan lafiya lau. Har bakaniken kamfaninsu yakan yi masa tsiya cewa a duk motocin da yake dubawa, tasa ce kaɗai birkinta ba ya cinyewa, tunda mai ita ba ya tunawa da shi sai ya hango tasha. Tun gashin bakinsa bai gama fitowa ba ya fara jan doguwar bas tsakanin manyan garuruwa, ya yi ta janta har furfura ta game masa kai. Ya san kowane rami da kowace kwana a hanyar, ya san gadar da ke rawa da wadda ba ta yi, ya san inda shanu kan tsallaka. In fasinja ya roƙa a tsaya zai kama ruwa, sai ya dube shi ta madubi ya ce ya ƙara haƙuri an kusa, alhali da sauran tafiyar rabin yini. Duk da haka bai taɓa kayar da kowa ba, kuma da wannan yake tinƙaho.

A gida kuwa shi baƙo ne mai zuwa da tsaraba. Yakan iso a gajiye, ya ci, ya zube kamar an yar da buhu, kafin gari ya gama wayewa ya sake ficewa. Matarsa ce ta riƙe gidan. Ɗinki take yi a ɗakin gaba, da wani tsohon keke mai ƙarar tsiya, kuma da ƙarar keken nan ta raini 'ya'yansu har suka zama mutane. Kwandasta yake ce mata, wai don ita ce mai faɗa wa kowa inda zai zauna da inda zai sauka. Ita kuma Baban yara take ce masa, ko bayan yaran sun haifi nasu.

Ido ne ya sauke shi daga mota. Yanar ido ce ta fara rufe masa na hagu, ya yi ta musu yana cewa gilashin motar ne ba a wankewa da kyau. Ran da ya tsaya yana ta danna wa wani tulin yashi ham, yana jiran ya tashi daga hanya, fasinjoji suka kai ƙara. Aka yi masa aiki, idon ya washe tas, amma likita ya gano jininsa ya hau, sukari ma ya fara leƙowa. Ya ce tuƙi ya isa haka, kuma kullum da safe ya riƙa taka ƙasa. Ba-Birki ya tambaya zuwa ina. Likita ya ce ba sai zuwa ko'ina ba, ya dai taka. Wannan magana ta tsaya masa a rai, domin shi a saninsa mutum ba ya fita sai da inda za shi da kuma wanda zai kai.

Saboda haka bai fita ba. Ya zauna a gida, gidan kuwa ya gane kurensa. Ya jera tukwanen kicin daga babba zuwa ƙarama har aka rasa inda murfi yake. Ya kwance famfon banɗaki wanda lafiyarsa ƙalau, ya ɗaura, ya fara ɗiga. Ya tsaya a kan matarsa tana ɗinki yana ce mata tana taka keken da giya mai nauyi. Ranar da ya ɗura wa keken mai don ya rage ƙara, man ya malale a kan farin yadin wata mata, ranar Kwandasta ta tashi ta ɗauko takalmansa ta ajiye masa a bakin ƙofa.

"Baban yara, likita ya ce ka taka," in ji ta. "Ka taka. In ka ga hanya ta yi maka daɗi, kada ka yi saurin dawowa."

Ya fita a fusace, ya kama hanya kamar wanda ya biyo ɓarawo. Yana tafe yana wurga hannuwa, in ya cim ma 'yan makaranta sai ya yi musu ham da baki ya wuce su ta dama. Kafin ya sha kwana sai ya miƙa hannu ya ba da sigina, ya waiga ya duba baya. Bai ga komai ba a wannan fitar, sai bayan mutanen da yake son wucewa. Da ya ji gumi ya karyo masa ya ce to an kai, sai ya juya zai koma. A nan ne magana ta ɓaci. Lunguna duk suka zama iri ɗaya: katanga, ƙofar ƙarfe, kwata, katanga. Mutumin da zai iya kai ka gari mai nisan kwana biyu ido rufe, ga shi ya ɓata a bayan gidansa.

Ya yi ta zagaye har ya wuce wani mai guga sau da yawa. Mai gugar, wani siriri mai fara'a, ya ajiye dutsen gugarsa ya gaishe shi, ya tambaya ko baƙo ne. Ba-Birki ya haɗiye girman kai ya ce gidan mai ɗinki yake nema. Mai guga ya ce ai ko yaron goye ya san gidan, ya kwatanta masa, sannan ya ce in ɗinki zai kai ya yi haƙuri, aiki ya yi mata yawa kwanan nan, an ce wani ɗan'uwanta ne ya sauka a gidan ya hana ta sakat.

"Mijinta ne," in ji Ba-Birki.

Mai guga ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ikon Allah. Baba, ashe kai ne mai bas ɗin. Mu dai labarinka muke ji."

Bai ba matarsa wannan labari ba, amma kafin azahar labarin ya shigo gidan da ƙafarsa. Ta yi dariya har allura ta soke ta.

Haka ya ci gaba da fita kullum, don gudun takalma a bakin ƙofa. Ya haddace hanya guda ya riƙe ta: daga gida zuwa rumfar mai guga, ya bi ta layin mai walda, ya kama katangar makarantar firamare, ya ɓulla wajen famfon unguwa, ya dawo ta gaban shagon mai aski. Yakan gama ta tun shayin da aka zuba masa bai huce ba, ya zauna yana huci kamar ya sauke fasinja.

Wata safiya, a ɗan titin da ke gaban makarantar, ya tarar da hawainiya za ta tsallaka. Ta riga ta sauko daga shingen makarantar ta sa ƙafa a kwalta. Ya ja ya tsaya don kada ya taka ta, yana jiran ta wuce ya wuce. Ita kuwa ta ɗaga ƙafar gaba ta riƙe a sama, ta yi gaba kaɗan, ta yi baya kaɗan, kamar mai shawara da zuciyarta. Ido ɗaya na kansa, ɗayan na kallon sama. Ya ce mata ta yi ta wuce mana, hanya ai tata ce. Ba ta kula shi ba. Ta sauke ƙafar a hankali, ta ɗaga wata.

Sai ga motar kai burodi ta karyo kwana a guje. Bai san sa'ad da ya faɗa tsakiyar titi ya ɗaga hannu ba. Direban ya taka birki har kwandunan baya suka yi tsalle, ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Ba-Birki ya ce akwai mai tsallakawa. Direban ya duba hagu da dama bai ga kowa ba, sai da aka nuna masa ƙasa. Abin da ya fito daga bakinsa bayan nan, babu kalma ɗaya da Ba-Birki bai sani ba, domin duk ya taɓa faɗa wa tsofaffi irinsu daga saman kujerar bas. Ya tsaya yana saurara kamar mai jin tsohuwar waƙar da ya manta. Masu babur suka taru a baya suna ta ham. Wata mai kai yara makaranta ta tsaya, yaran suka tsuguna. Hawainiya ba ta ƙara sauri ko na ƙwayar zarra ba. A tsakiyar kwalta jikinta ya yi duhu, da ta kai ɗaya gefen ta kama reshe ta hau, ta koma kore, ta ɓace a cikin ganye ana kallonta.

Ya ba motar burodi hannu ta wuce. Ya daɗe a wurin bayan kowa ya watse. Tun da yake a duniya bai taɓa tsayawa a kan hanya haka ba sai in taya ta fashe, ga shi ya tsaya, kuma da ya laluba bai ga abin da ya rasa ba. Ranar shayinsa ya huce har ya yi yana.

Daga nan tafiyar ta fara tsawo, ko da yake hanyar ba ta ƙaru ba. Ya gano cewa a gindin katangar mai walda akwai babban titin tururuwa, masu tafiya da masu dawowa, kowace da kayanta. Yakan tsuguna ya daɗe yana kallo. Abin da ya fi burge shi shi ne duk wadda ta haɗu da 'yar'uwarta sai sun haɗa kai sun gaisa, amma hanya ba ta taɓa cushewa. Ya ce da a tasharsu ne, da tuni an kai ga dambe. A kan katangar makaranta akwai wani ƙaton ƙadangare mai jan kai, kullum a wuri ɗaya, yana gyaɗa wa kowa kai ba ya taɓuka komai. Shi ya raɗa wa suna Manaja, kuma ba ya wucewa sai ya gaishe shi ya tambayi aiki. Wajen famfo, wata gwanda ta tsiro daga tsagar siminti, ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya ba ta izini, tana shan ruwan da ke zuba daga bokitan mutane. Yakan auna ta da jikinsa: yau ta kai gwiwa, an jima ta kai ƙugu. Akwai kuma wata ciyawa mai yaɗo da shuɗin fure a shingen wani gida, wadda ke buɗewa da sassafe ta rufe kafin rana ta take. Ya sha komawa da hantsi don ya kama ta tana rufewa, bai taɓa dacewa ba. Ya ce ma'aikaciyar ofis ce, ba a ganin fitarta.

Hanci ma ya farka. Ya fara gane inda yake ko da ƙamshi: tururin dutsen guga a kan damshin riga, ƙaurin ƙarfe a layin walda, sabulun mai aski. In an yi yayyafi da asuba, yakan tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi ƙamshin ƙasa har sai an ce ya matsa ya ba mutane hanya.

Kullum ya dawo sai ya ja kujera kusa da keken ɗinki ya ba da rahoto. Yana ba da shi ne kamar wanda ya dawo daga wata ƙasa. Kwandasta tana taka keke tana amsawa da "uhm". In ya ce ashe akwai bishiyar mangwaro a bayan makaranta, sai ta ce a gindinta babban ɗansu ya karya haƙori. In ya ce ya ga wata mage mai ido biyu kala daban-daban tana barci a kan janareton mai aski, sai ta ce ta san kakar magen. Abin yana ɗan ƙona masa rai, a ce duk abin da ya gano an riga shi. Amma ya lura da abu guda: in ya fara magana, ƙarar keken takan ragu.

Mutanen layin suka saba da shi. Da farko sun ɗauka kan tsohon ya ɗan taɓu, ganin dattijo tsugune yana hira da tururuwa. Mai aski, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in yana barci, shi ya fara yaɗa cewa aikin idon ne aka yi masa ya wuce misali, yanzu yana ganin abin da ba a aike shi ba. Amma shi ɗin ne kuma ya fara tare shi da labari, wai jiya da yamma ya ga bushiya a bayan shagonsa, ko Baba ya san abin da take ci.

Babban abin da ya gano, wanda ko matarsa ba ta riga shi ba, a rumfar mai walda yake. Mai walda ƙato ne mai ƙarancin magana, kunnensa ya yi nauyi saboda dukan ƙarfe. A jikin ginshiƙin rumfarsa akwai kwanson wata tsohuwar fitilar babbar mota a rataye, gilashin ya fashe tuntuni. Ba-Birki ya tsaya ne don ya gane fitilar wace irin mota ce, sai ya ga tsinke yana leƙowa. Ya yi ɗage ya leƙa. Kurciya ce kwance a ciki, ta ƙura masa ido ba ta motsa ba. Da ta tashi shan ruwa ya ga ƙwai biyu farare a kan 'yan tsinkayen da ko sheƙa ba su isa a kira su ba.

Ya je ya yi wa mai walda ihu a kunne ya nuna masa. Mai walda ya ce dama yau yake shirin sauke kwanson ya haɗa da tarkacen da za a kwashe. Ba-Birki ya ce ai fasinja ta riga ta shiga, ba a sauke mutum a tsakiyar daji. Mai walda ya leƙa, ya sosa ƙeya. Washegari aka ga ya janye teburin aikinsa zuwa ɗaya gefen rumfar.

Tun daga ranar, kurciya ta zama babbar tasha a tafiyarsa. Ya gane cewa su biyu ne, suna karɓa-karɓa, in ɗaya ta gaji ɗaya ta hau, kamar direbobin doguwar tafiya. Ya ƙagu ya ga ƙyanƙyasa fiye da yadda ya ƙagu da haihuwar jikokinsa, ko da yake wannan matarsa ce ta faɗa, shi ya musa.

Ana cikin wannan jira ne tsautsayi ya same shi. Ya fito daga layin walda sai ga balbelu sun taso a jere, farare fat, rana na dukan fikafikansu. Ya ɗaga kai yana binsu da kallo, ƙafafu kuma suka ci gaba da aikinsu ba mai lura da su. Sai ji ya yi ƙasa ta ƙare. Ya faɗa kwata, ƙafar dama ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa.

Mai guga ne ya fara isowa, sannan mai aski da almakashi a hannu. Suka ciro shi, ya gwada takawa ya kasa. Mai walda ya turo baron da yake ɗaukar ƙarafa, ya shimfiɗa kwali, aka ɗora shi. Haka aka ratsa unguwa da tsohon direban doguwar bas a cikin baro, ƙafa ɗaya a sama, yana ba da umarni: a rage gudu, akwai rami a gaba, a kama dama, wa ya koya maka tuƙi. Mai walda da yake ba ya ji sosai, bai rage komai ba.

Kwandasta ta fito ta gan shi, ta kama baki. Sai da ta tabbatar ba karaya ba ce sannan ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Babbar 'yarsu, wadda ke aikin jinya, ta zo ta duba ta ce targaɗe ne mai kyau, ta naɗe ƙafar, ta kafa doka: ba fita, ba takawa, sai ta ce. Ta ƙara da cewa duk shekarun da ya yi yana gudu a titi bai ƙwarzane ba, sai da ya koma tafiyar ƙasa. Ya ce laifin masu gina kwata ne da ba sa sa alama.

Zaman ya yi masa tsanani. Aka ajiye masa kujera a tsakar gida, ya ɗora ƙafa a kan bokiti. Ya kalli sama iya abin da katanga ta bari, ya kalli igiyar shanya, ya ƙirga abin da zai ƙirga ya gaji. Abinci ma ya rage ci. Kowace safiya sai ya ce shi dai da ya san halin da kurciyar nan take ciki. Ba da kowa yake ba, amma yakan ɗaga murya daidai yadda za ta kai ɗakin ɗinki.

Rannan keken ya yi shiru. Ta fito da mayafi ta ce za ta sayo zare, in hanya ta bi da ita ta wajen mai walda za ta leƙa. Shagon zare kuwa ba ta nan yake ba. Ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta dawo ta zauna ta zayyana masa: matar mai guga ta sauka, an sami mace, masu gidan da ke kan kwana sun yi wa ƙofarsu fenti mai tashin hankali, tsohuwar da ke kusa da famfo tana gaishe shi, ita ma gwiwa ta hana ta sakat. Ya yi ta haƙuri har ta kai aya, sannan ya tambayi kurciya.

Ta dafa ƙirji ta ce, "Af. Na manta."

Ya juyar da kai ya yi ta kumbure-kumbure har aka yi azahar.

Washegari ta sake fita, wannan karon ba ta ma ambaci zare ba. Ta dawo da sauri, tun daga zaure take kiransa. Sun ƙyanƙyashe. Ya ce yaya suke. Ta ce gaskiya ba za ta ɓoye masa ba, munana ne. Ba gashi sai wani ɗan rawaya-rawaya, baki ya fi kai girma, kamar rigar da aka yanka ba a haɗa ba. Ya ce ba ta san kyau ba ne. Ta ce ita da idonta ta gani, shi fa? Ya sa ta maimaita masa komai tun daga farko, da yadda uwar take sa bakinsu cikin nata tana ba su abinci, da abin da mai walda ya yi. Ta ce mai walda ya hana kowa tayar da injin yanka ƙarfe kusa da ginshiƙin, har wani mai gyaran ƙofa ya yi fushi ya tafi.

Daga nan ita ta karɓi hanyar. Kullum da safe takan fita, kuma kullum fitar na ƙara tsawo. Masu kawo ɗinki suka fara tarar da maigida shi kaɗai da ƙafa a kan bokiti, yana ba su haƙuri cewa ta je duba wasu marasa gashi. Rahotonta ya fara canzawa. Labarin mutane na nan, amma sai ta haɗa da cewa gwandar famfo ta yi fure, Manaja kuma ya yi sabuwar jela, ta gaishe shi a madadinsa don kada ya ce an raina shi. Da yamma mai aski da mai guga sukan shigo dubiya, kowa da guzurin abin da ya gani, suna gardama kan ko tsuntsun da ke kuka a kan turken lantarki shi ne na jiya. Ba-Birki yana zaune a tsakiya yana yanke hukunci a kan abin da bai gani ba.

Ranar da 'yarsa ta kwance ƙafar ta ce zai iya fita da sanda, bai jira shayi ba. Ya ɗingisa har rumfar mai walda, matarsa na biye da shi tana cewa ya yi a hankali. Ya yi ɗage ya leƙa kwanson. Ba kowa, sai tsinkaye da ɗan gashi. Mai walda ya zo ya tsaya kusa da shi, ya nuna sama da hannu, ya ce jiya da hantsi suka tashi, ɗaya ya fara, ɗayan sai da uwar ta yi ta kira.

Ba-Birki ya ce madalla, haka ake so. Amma ya daɗe yana kallon kwanson. Shi ya gano su tun suna ƙwai, kowa a layin ya gan su, shi kaɗai ne bai gani ba.

Matarsa ta dube shi ta gefen ido. Da suka kai katangar makaranta, maimakon su kama hanyar famfo sai ta ja hannun rigarsa ta ce su bi nan. Wani siririn lungu ne da bai taɓa shiga ba, ya ɗauka ba ya ɓullewa. Suka bi shi a hankali, ita a gaba, shi da sanda a baya, har gidaje suka ƙare. Sai ga su a kan wani ɗan tudu. A ƙasa fili ne mai ciyawa da wani kududdufi, balbelu sun cika bakinsa, mazari na ta shawagi a kan ruwan. Can gaba kuma, babban titi ne ya miƙe, motoci na wucewa ƙanana kamar na wasan yara.

Akwai wani faffaɗan dutse a wurin. Ta share shi da gefen mayafi suka zauna. Ya ce shi da ya ɗauka ya gama sanin unguwar. Ta ce wannan wurin ba na masu wucewa ba ne. Sannan ta gaya masa cewa sa'ad da yaran suke ƙanana, duk ranar da ta san bas ɗinsa za ta bi ta wannan titi ba tare da ya tsaya gida ba, takan goya ƙaramin ta riƙo hannun manyan su zo nan su zauna. In ta hango ta sai ta ce ga Babanku can. Yaran su yi ta ɗaga hannu suna tsalle.

"Ni ban taɓa ganinku ba," in ji shi.

"Ina za ka gan mu? Kafin in gama cewa ga Babanku, ka ɓace. Wani lokaci ma ba kai ba ne, motar wani ce. Nakan ce kai ne don mu samu mu koma gida."

Ya yi 'yar dariya. Ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da bakin sanda. Yana so ya ce wani abu, amma bai saba ba, ita ma ba ta saba ji ba. Sai ya ce dutsen nan yana da daɗin zama. Ta ce da ya fi haka, shi ma ya tsufa.

Suka zauna har rana ta fara zafi. Wata balbela ta taka cikin ruwa tana ɗaga ƙafa kamar mai ƙyamar laka, suka yi gardama kan ko kifi take nema ko kwaɗo. Ba su ga ta kama komai ba. Can sai ta zabura ta ce ta bar wake a kan wuta. Ta miƙe, ta ba shi hannu ya tashi, suka kamo lungu, tana gaba tana faɗan in tukunyar ta ƙone shi zai kankare, yana baya yana cewa shi majinyaci ne, likita bai ce ya kankare tukunya ba.

Waken ya kama kaɗan. Suka ci abinsu haka, kuma shi ya kankare.